HND na Sakatare da Gudanarwa a Poli ta Kumasi: abin da kwas ɗin ke bayarwa da abin da ɗalibi zai nemo da kansa

Duk shekara idan sakamakon WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ya fito, a gidajen Aboabo da Asawase da Sawaba da Akwatia Line, unguwannin Zango na Kumasi, akan zauna ana shawarar inda yaro zai nufa. Aikin nas ne kan fara zuwa bakin iyaye mata, sai koyarwa, sai akanta. Kwas ɗin sakatare yakan zo a ƙarshe, bayan sauran ƙofofi sun ƙi buɗuwa, kuma da ɗan raini ake ambatonsa: wai shekara uku cur don a koyi buga takarda? Rainin bai dace ba. Amma kirarin da masu tallar makarantu ke yi wa irin wannan karatu shi ma ya wuce kima. Za mu ɗauki kwas ɗin HND (babbar difloma ta ƙasa) na Sakatare da Gudanarwa, irin wanda ake yi a Jami'ar Fasaha ta Kumasi, wadda har yau mutanen gari ke kira Poli, mu auna shi da mudun ofis: wanda ya gama, in aka ba shi tebur da kwamfuta ranar Litinin da safe, me zai iya?

Makarantar ba baƙuwa ba ce. Ta fara a 1954 a matsayin makarantar koyon sana'a, ta zama Poli a 1963, dokar 1992 ta ɗaga ta zuwa sahun manyan makarantu, sannan dokar jami'o'in fasaha ta 2016 ta ba ta sunan da take amsawa yanzu. Tana tsakiyar gari, ba nisa da Asafo, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan Zango. Daga Aboabo ko Asawase mota ɗaya ce, wani ma da ƙafa zai je, saboda haka ana iya yin karatun daga gida ba tare da kama ɗakin haya ba. Ga gidan da ke da yara uku a makaranta lokaci guda, kuɗin ɗakin nan da ba a biya ba shi ne sau da yawa ke raba yin karatu da fasa shi.

HND shekara uku ne, zangon karatu shida. Ƙa'idar shiga ta fi ta digiri sauƙi. Sakamakon WASSCE daga A1 mafi kyau yake saukowa zuwa F9. Digiri yana neman C6 ko abin da ya fi shi kyau a darussa shida, kuma jimillar maki kada ta haura 36. HND kuwa yana karɓar D7 a wasu darussan, muddin an ci shida ɗin, har da Turanci da Lissafi, kuma aƙalla uku daga ciki sun kai C6. E8 da F9 ba sa shiga ko ɗaya daga cikin biyun, sai dai yaro ya koma ya rubuta Nobdek, wato WASSCE ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Wanda ya kai shekara 25 yana da hanyar manya, inda ake yi masa jarrabawar shiga ta daban. A karanta sanarwar ɗaukar ɗalibai ta shekarar da kyau kafin a sayi baucar cike fom, domin a nan ake faɗin darussan da sashen ke so da kuma ko an buɗe ajin yamma ko na ƙarshen mako ga masu aiki.

Akwai wani tarko da ya fi kama 'ya'yanmu fiye da na sauran ƙabilu, wato rubutun suna. A takardar haihuwa Muhammad, a WASSCE Mohammed, a Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, kuma Mahama, ko kuma sunan uba ya zo gaba a wata takardar ya koma baya a wata. Ranar cike fom ba wanda zai ce uffan. Sai an zo neman rancen ɗalibai, ko rajistar bautar ƙasa, ko buɗe asusun fansho na SSNIT, kwamfuta ta ce mutum biyu ne. Gyaran yana buƙatar takardar rantsuwa, wani lokaci har da buga sunan a gazet ɗin gwamnati, kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne. A jera takardun yaro duka a kan tabarma a duba harafi bayan harafi tun kafin a nemi shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Darussan kansu kashi biyu ne a dunƙule. Akwai na hannu: buga rubutu a kwamfuta, shothan (rubutun sauri da alamomi), tsara wasiƙu da rahoto, ajiyar fayil, tafiyar da ofis. Akwai na kai: ka'idojin gudanarwa, lissafin kuɗi, tattalin arziki, dokar kasuwanci, kula da ma'aikata, Turancin aiki, da Faransanci. A shekarar ƙarshe ɗalibi yana rubuta aikin bincike. Kashi na biyun ba shi da wata matsala mai yawa, lakca ce da littafi, wanda ya zauna ya karanta zai ci. Rigimar tana kashi na farko, domin aikin hannu ba ya shiga da sauraro.

Mu fara da buga rubutu, tunda shi ake raina wa. Ana auna sauri ne da kalma a minti ɗaya, kuma a wannan lissafi bugu biyar shi ne kalma ɗaya, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Wanda ya yi bugu 2,000 cikin minti goma ya yi kalma 400, wato 40 a minti, sannan a cire kurakurai. A ganinmu 40 shi ne ƙasan abin da za a nuna wa mai ɗaukar aiki ba tare da jin kunya ba, 50 zuwa 60 kuma shi ne hannun da ya faɗa. Awannin ɗakin kwamfuta na jadawali, a kowace makarantar gwamnati mai ɗalibai da yawa, ba za su kai mutum can ba. Abin da ke kai shi shi ne minti talatin kullum a gida, yatsun hagu a kan A, S, D, F, na dama a kan J, K, L da alamar da ke biye, manuniya biyu suna lalubar ɗan tudun da ke kan F da J. A rufe hannuwa da ɗankwali ko tawul don ido ya daina leƙe. Makonnin farko sauri zai faɗi ƙasa da na mai yatsa biyu, kuma a nan yawancin yara ke karaya su koma tsohuwar hanya. Mai yatsa biyu yana da iyakar da ba ya wucewa, saboda idonsa na kaiwa da komowa tsakanin takarda da madannai da fuskar kwamfuta, kuma a wannan kai-komon ne ake tsallake layi guda ba a sani ba. Wanda ya saba da latsa waya da babban yatsa kada ya ɗauka ya iya. Sana'a ce daban.

Shothan kuwa shi ne darasin da ya fi jawo wa ɗalibai tirel, wato faɗuwar da sai an sake rubutawa. Tsarin Pitman da aka gada daga Ingila ya fito tun 1837, kuma sauti yake rubutawa, ba haruffa ba: layi siriri sauti ɗaya, layi mai kauri wani sautin, matsayin alamar a sama da layin takarda ko a kansa ko ratsa shi kuma yana nuna wasali. Wahalarsa a wurinmu ita ce an gina shi a kan lafazin Turawan Ingila. Kunnen da ya tashi da Turancin Kumasi ba ya raba dogon wasali da gajere a kalmomi da yawa, sai ɗalibi ya rubuta alamar da ya ji, a ce ba ita ba ce. Maganinsa ƙamus mai nuna lafazi, da fensir mai taushi da zai fitar da kauri da siranta, da atisaye kullum komai ƙanƙantarsa. Wanda ya bari sai mako biyu kafin jarrabawa ya riga ya faɗi. Shin ofis na buƙatarsa yau? Gaskiya kaɗan ne manajan da zai zauna yana yi wa sakatare shifta. Da mu ke raba awannin, da mun rage na shothan mun ƙara wa Excel. Duk da haka ba asara ba ce gaba ɗaya, domin wanda ya yi shi yakan fi sauran kama magana a taro. A ɗauke shi kamar kuɗin ƙofa, a biya a wuce, kada a bari ya ja sakamako ƙasa.

Inda kwas ɗin ya biya kuɗinsa har da riba shi ne ajiyar takardu da rubuta bayanan taro, abubuwa biyu da makarantun kwamfuta na unguwa ba sa ko taɓawa. Duk wasiƙar da ta shigo ofis ana buga mata hatimin ranar karɓa, a shigar da ita littafin shigowa: ranar da ta iso, ranar da aka rubuta ta, wanda ya aiko, lambarta, batunta, da wanda aka miƙa wa. Wadda za ta fita tana da littafinta, kuma ɗan aike ba ya dawowa sai da sa hannun wanda ya karɓa. Kowace takarda a cikin fayil tana da lambar shafi a kusurwar sama, bi da bi, ta yadda in an zare ɗaya za a ga giɓi tsakanin 46 da 48. Fayil ba ya barin kabad sai an rubuta wanda ya ɗauka da ranar. Abin kamar wasa, amma duk wanda ya taɓa bin takardar fili ko ta fansho aka ce masa a dawo gobe ba a ga fayil ba, ya san abin da rashin wannan tsari ke jawowa. A ma'aikatun gwamnati hukumar PRAAD ce ke shimfiɗa yadda ake ajiye takardu da lokacin da ake kai su ma'ajiya, kuma tun da dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta fara aiki, ofis ɗin da bai san inda takardunsa suke ba yana cikin matsala.

Wani abu da littafi bai cika faɗa ba amma ofis ɗin Kumasi ke koyarwa da wuya: rasit ɗin da injin kanti da na gidan mai ke fitarwa a kan siririyar takarda mai sheƙi yana gogewa. Zafi da danshin damina suna cinye rubutun, bayan 'yan watanni sai farar takarda. A yi masa fotokofi a ranar, a liƙa asalin a jikin kofin. Haka nan a kwamfuta, a sa wa takarda suna da shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2025-03-14 sannan batun, don su jeru da kansu. Sunaye irin su "wasiƙa sabuwa" da "wasiƙa sabuwa ta ƙarshe" su ne ke sa a aika wa mutum takardar da ba a gyara ba. Kuma kada kofi ɗaya tilo ya zauna a filas ɗin da ke yawo shagunan buga takardu na Adum, can ake kwaso ƙwayar cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun alamomi marasa buɗuwa. Kofi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a Google Drive ko makamancinsa, ɗaya a wani wurin daban. Wuta kuma ba ta sallama kafin ta ɗauke, saboda haka yatsa ya saba da Ctrl da S.

Bayanan taro ba rubuta duk abin da aka faɗa ba ne, kuma wannan shi ne kuskuren sabon hannu. Ana rubuta waɗanda suka halarta, waɗanda suka aiko uzuri, amincewa da bayanan taron baya da wanda ya kawo shawarar da wanda ya goyi baya, abubuwan da suka taso daga ciki, sannan kowane batu da matsayar da aka cimma. A gefe a sa wanda zai aiwatar da kuma ranar da aka ba shi. Cacar baki da aka yi ta rabin awa tana iya zama layi biyu. Ba a rubuta cewa wane ya fusata. A fitar da daftarin cikin kwana biyu tun ƙwaƙwalwa na ɗanye, a kai wa shugaban taro ya duba kafin a raba. In za a naɗi murya da waya don taimakon tunawa, sai da izinin shugaba, a gaban kowa. Ɗalibin da ke son hannunsa ya faɗa ba sai ya jira ofis ba: kwamitin masallaci, ƙungiyar matasan unguwa, adashen mata, reshen ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA na makaranta, duk suna taro kuma kusan dukansu ba su da mai rubutu nagari.

Yanzu ga giɓin da ya fi damunmu. Ƙananan ofisoshin da za su ɗauki yawancin waɗanda suka gama, irin su makarantu masu zaman kansu, asibitocin unguwa, kamfanonin sufuri, ejan-ejan na aikin Hajji, manyan dilolin kasuwar Kejetia da masu sayar da kayan mota a Suame Magazine, ba su da halin ɗaukar sakatare daban, akanta daban. Mutum ɗaya ne zai amsa waya, ya buga wasiƙa, ya riƙe kuɗin ƙananan kashe-kashe, ya shirya albashi. Kwas ɗin yana ba da tushen lissafin kuɗi, amma ainihin abin da hukumar haraji ta GRA da SSNIT ke nema a ƙarshen wata sai ɗalibi ya bi shi da kansa. Ga yadda yake. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2008, ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashin tushe na ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 13, jimilla 18.5. Daga ciki 13.5 na zuwa SSNIT, 5 kuma na zuwa hawa na biyu da kamfanonin fansho masu zaman kansu ke riƙewa. In albashin tushe sidi 2,000 ne, za a cire wa ma'aikaci 110, mai aiki ya sa 260, a haɗa 370: SSNIT ta karɓi 270, hawa na biyu 100. Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Na farko a lissafa kason a kan albashi har da alawus, alhali a kan tushe ake yi. Na biyu a lissafa harajin albashi a kan 2,000 ɗin, alhali sai an fara cire 110 ɗin, sannan a ƙara alawus masu haraji, sannan a bi matakan harajin da GRA ta fitar na shekarar. Kuɗin SSNIT sai ya shiga kafin ranar 14 ga watan da ke biye ta wuce, na harajin albashi ranar 15. Makara tana da tara, kuma mai gida ba zai ɗora laifin a kan kowa ba sai wanda ke kan tebur.

Haka harajin da ake riƙewa daga kuɗin ɗan kwangila: kashi 3 a kan kaya, 5 a kan ayyuka irin su gini, 7.5 a kan hidima. Kamfanin da ya kawo takardar neman biyan sidi 10,000 na hidima, 9,250 za a ba shi, 750 ta tafi GRA, a ba shi shaidar abin da aka riƙe. Wanda ya biya duka ya manta, ofis ne zai biya daga aljihunsa. Waɗannan alƙaluma kasafin kuɗi na iya taɓa su, don haka a riƙa leƙa shafin GRA duk farkon shekara. Kuɗin ƙananan kashe-kashe kuwa tsarinsa ɗaya ne: in an ba ka 500 ka kashe 380, rasit da bauca na 380 za ka kawo a cika maka 380, akwati ya koma 500. A kowane lokaci tsabar da ke akwati da baucocin da ke ciki dole su haɗu su ba da 500. Abin da ke rusa shi shi ne Alhaji ya miƙo hannu ya ce ba ni hamsin zan dawo da ita, ba a rubuta ba. A rubuta, ya sa hannu, ko da shi ne mai kamfanin. Ana iya yin hakan cikin ladabi, kuma mai hankali daga baya zai gode.

Excel yana da halayen da in ba a sani ba zai kunyata mutum. Lambar wayar Ghana tana farawa da sifili, shi kuwa Excel yana ɗaukarta adadi ya jefar da sifilin, sai lamba goma ta koma tara. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 kuma, kamar wasu lambobin asusun banki, yana mayar da na ƙarshen sifili, kuma ba ya gargaɗi. Maganin duka biyun shi ne a mayar da layin zuwa Text kafin a fara shigar da komai. In an riga an shigar, lambar ta lalace, sai an sake bugawa. Kwanan wata ma haka: kwamfutar da aka shigo da ita daga Amurka tana sa wata kafin rana, sai 03/04 da kake nufin 3 ga Afrilu ta karanta shi 4 ga Maris. A gyara yankin kwamfutar tun ranar da aka saye ta. Ɗalibin da ya gama shekara ta biyu ya kamata ya iya SUM da IF da VLOOKUP da PivotTable ba tare da duba littafi ba, ya kuma iya haɗa wasiƙa ɗaya da jerin sunaye ɗari biyu ta hanyar Mail Merge a Word, wato wasiƙar kuɗin makaranta da kowane uba zai ga sunan ɗansa da bashinsa a ciki. A nan ma a duba samfoti kafin a tura wa firinta, don kuɗin da Excel ke nunawa 1,250.50 yakan fito da wutsiyar alƙaluma a Word in ba a daidaita ba.

Ɗan ƙarin da zai bambanta ɗan Zango da sauran: haruffan da ba su kan madannai. Takardar gayyatar jana'iza ko sanarwa da Twi tana buƙatar ɛ da ɔ, ta Hausa tana buƙatar ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin masu buga takardu suna sa 3 a madadin ɛ, abin ba kyan gani. A Word, in ka buga 025B ka danna Alt da X tare, ɛ zai fito. 0254 na ba da ɔ, 0199 na ba da ƙ, 0257 na ba da ɗ, 0253 na ba da ɓ.

Turanci shi ne harshen takarda a Ghana, kuma a nan kwas ɗin ba ya iya gyara abin da ya karkace tun firamare. Zai koya maka siffar wasiƙa: lamba, kwanan wata, adireshi, kan magana, da cewa wasiƙar da ta buɗe da Dear Sir da Yours faithfully take rufewa, wadda ta ambaci sunan mutum kuma da Yours sincerely. Ba zai ba ka jimla mai tsabta ba in ba ka karatu. Yaron da ya shiga da D7 a Turanci ya sani cewa takardar shiga ya samu, ba hannun rubutu ba. Shafi ɗaya na Daily Graphic kullum, a karanta da ƙarfi, a kwafe sakin layi ɗaya a kwamfuta, ya haɗa atisayen buga rubutu da na harshe a zama guda. Faransancin kuma kada a yi masa riƙon sakainar kashi. Kumasi mahaɗar fatake ce daga Burkina Faso da Nijar da Mali da Kodebuwa. Wanda ke da Hausa da Twi daga gida, ya ƙara Turancin rubutu da Faransancin da zai karanta takardar kaya, ofis ɗin sufuri ko na fiton kaya ba zai so rabuwa da shi ba.

Batun kuɗi. Makaranta tana fitar da jadawalin kuɗinta kowace shekara, kuma ajin yamma da na ƙarshen mako sukan fi na safe tsada. Daga 2025 gwamnati ta fara ɗaukar nauyin kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantunta, amma ba ta ɗauke ci da sha da mota da littattafai ba, kuma shekara ta biyu da ta uku suna nan suna jira. Asusun rancen ɗalibai na SLTF yana ba da rance da Ghana Card ba tare da neman mai tsaya wa ɗalibi ba, sai dai rance ne mai ruwa, gidan da ke da damuwa da hakan ya yi shawara da malaminsa tun da wuri. Abin da ba ya cikin jadawali amma ya zama tilas shi ne laftof. Ba sai sabuwa ba. Ta hannu mai Core i5, RAM 8, da SSD 256 ta wadatar har a gama. Wurin saye a buɗe Word a danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, a cire caja a bar ta tana aiki a ga yadda batir ke sauka, a duba madannan ko tsarin Turanci ne, domin wasu na zuwa da tsarin Faransa ko Jamus inda haruffa suka sauya wuri, kuma hannun da ya koya a kansu zai rikice a ɗakin jarrabawa.

In aka kwatanta da makarantun kwamfuta na unguwa masu wata uku ko shida, su sun fi arha da sauri, wasunsu ma sun fi ba ɗalibi lokaci a kan na'ura. Amma satifiket ɗinsu ba ya kai mutum bautar ƙasa, ba ya ɗora shi a matakin albashin mai HND, ba a kuma ɗora digiri a kansa. Duk makarantar da ta ce tana ba da difloma ko digiri, a duba sunanta da sunan kwas ɗin a jerin GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, kafin a biya ko pesuwa. Su biyun ba kishiyoyi ba ne: wata uku a ta unguwa tsakanin gama sakandare da shiga Poli yana sa yaro ya shiga aji hannunsa ya riga ya san hanya. Mai HND yana iya ƙara karatu ya cike digirin BTech. Wanda kuma zuciyarsa na kan akanta zalla, wannan ba layinsa ba ne, ya nemi HND na akanta ya bi jarrabawar ICAG, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Ghana. Kada kuma a rikita wannan da muƙamin sakataren kamfani da dokar kamfanoni ta 2019 ta tanada, wancan kujera ce ta shari'a mai sharuɗɗanta daban. Aikin gwamnati ma ba ya zuwa don an gama, sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba hukuma izinin ɗauka, kuma jiran na iya yin tsawo.

Saura zaman koyon aiki na dogon hutu, wanda ɗalibai da yawa ke mayarwa neman sa hannu kawai. A karɓi wasiƙar makaranta da wuri a fara yawo da ita tun kafin jarrabawa, domin manyan wurare irin su hukumar birnin Kumasi (KMA) da asibitin Komfo Anokye da bankunan Adum kowa can yake nufa. Babban suna ba shi ne sharaɗi ba. Ƙaramin ofis inda za a bar ka ka riƙe littafin shigowar wasiƙu, ka zauna a taro, ka ga yadda ake shirya albashin wata, ya fi babban bene inda za a ajiye ka kusa da injin fotokofi wata biyu kana sayo wa mutane shinkafa da wake. Ranar farko ɗalibi ya tambayi mai kula da shi, cikin girmamawa, ko za a bar shi ya zauna mako guda a wurin rajistar wasiƙu, mako guda a wurin akanta. Abin da ya gani a fayil ɗin mutane, albashi ne ko rashin lafiya ko takardar gargaɗi, ya tsaya a ofis, kada ya bi shi majalisar shayi. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta hana, kuma a Zango magana ba ta kwana. Kafin ya bar wurin ya nemi wasiƙar shaida a kan takarda mai tambarin ofis, wadda ta ambaci ayyukan da ya yi ɗaya bayan ɗaya, da sa hannu da hatimi, ya yi mata kofi biyu ya ɗauki hotonta ya ajiye a imel ɗinsa.